Ku Tambayi Barista: In takardar gidan alƙali ta shiga kwamfuta, wa zai iya gani?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar takardun filaye da gidaje da ake ta kwashewa ana zubawa a kwamfuta, sai na ce bari kawai in tara su wuri guda in amsa, masu tambayar gado da rikicin haya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye, yau ma har unguwa na cire wa wasu, in kun karanta za ku ga dalili.

Tambaya: Salam Barista, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce a Gusau, maigidana alƙali ne, ba babba can ba amma dai shari'o'in da ke zuwa gabansa akwai na ɓarayin shanu da masu kai musu mai da burodi daji. Kwanaki ya je sabunta takardar gidanmu aka ce yanzu komai kwamfuta ne, aka ɗauki hotonsa da lambar waya da NIN har da sunana a matsayin wadda za a nema in wani abu ya faru, wlh tun ranar ban yi barcin kirki ba don ƙanena ya ce min duk abin da ya shiga kwamfuta ya shiga duniya, kowa zai latsa waya ya ga inda muke kwana. Yaranmu huɗu Barista. Shin gaskiya ne, kuma akwai dokar da za ta sa a ɓoye namu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya tsare ku da yaran baki ɗaya. Ƙanenki rabin gaskiya ya faɗa. Sa fayil a kwamfutar ofis daban, buɗe shi ga kowa da kowa a intanet daban, kamar ajiye hatsi a rumbu ne da baza shi a kasuwa, duk hatsi ne amma ba ɗaya ba. Kuma ni ba na cikin masu ƙin kwamfutar, don na ga abin da ya gabace ta. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shi ke ba da C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, yawanci na shekara 99, kuma duk wannan shekarun a fayil ɗin takarda ake ajiye komai, gara ta ci, ruwan sama ya jiƙa, wani fayil ɗin ya yi ƙafa ya fita da kansa, fuloti ɗaya a ba mutum uku kowa da takardarsa da hatimi. Wannan ne ya sa aka kafa ofisoshin rajistar filaye na kwamfuta, Abuja ta fara da AGIS, Kaduna ta yi KADGIS, mu nan Zamfara akwai ZAGIS, maƙwabtanmu Kebbi suna da KEBGIS. Kuma yadda aka saba a ofisoshin filaye na ƙasar nan, mai son bincika fayil sai ya rubuta takarda ya biya kuɗi, ba wai ya zauna a shagon mai shayi ya latsa waya ba.

To ina rabin gaskiyar tasa? A cikin abin da fayil ɗin ya ƙunsa ne. Ki duba fa, akwai cikakken suna, hoto, lambar waya, wurin aiki, sunan makusanci, sannan ga zanen safiyo mai lambobin bikon, wato alamomin iyakar fili, waɗannan lambobin da mutane ke ɗauka ado ne a gefen takarda, duk yaron da ya ɗan san aikin awo zai juya su ya sa a taswirar waya ta kai shi har ƙofar gida ba tare da ya tambayi kowa hanya ba. Da can wanda zai saci wannan bayanin sai ya saci fayil ɗaya ya cusa a riga, yanzu kuwa fayil dubu goma na shiga filashi ɗaya da bai kai ɗan yatsa ba. Nan hatsarin yake.

Bari in ba ki labarin da ya faru da ni, wata safiya na tsaya sayen ƙosai kusa da wani ofis, ba zan faɗi wanne ba, yarinyar ta naɗe min a takarda, ina cikin mota ina ci na warware sai ga hoton wani bawan Allah da hularsa yana kallona, mai ya jiƙe rabin fuskar, fom ne na neman fili, ga suna ga muƙami ga lambar waya ga unguwa har da kwatancen "bayan masallacin Juma'a gida na uku". Fotokofin da ya lalace ne mai shago ya tara ya ba masu ƙosai. Babu intanet a nan, babu ɗan kutse, ƙosan ɗari biyu ne kawai. Tun ranar in na je fotokofi ba na barin ko wadda ta fito baƙi ƙirin, sai na karɓe abata.

Maganar doka kuma. Abin da kike nema akwai inda aka yi shi, a Amurka, kuma jini ne ya jawo. Can a yawancin ƙananan hukumominsu rajistar gidaje a buɗe take a intanet, ka rubuta sunan mutum ka ga gidansa da nawa ya saya da harajin da yake biya, ga kuma kamfanonin da sana'arsu kenan tattara adireshin mutane su sayar. Ranar 19 ga Yulin 2020 wani lauya da ke jin haushin wata alƙaliyar kotun tarayya, Esther Salas, ya yi shigar masu kai saƙo ya buga ƙofar gidanta a jihar New Jersey, ɗanta Daniel mai shekara 20 ya buɗe, lauyan ya harbe shi ya mutu, ya kuma raunata mijinta. Ɗansu kenan tilo. A watan Nuwamban shekarar jihar ta yi doka da sunan yaron, Dokar Daniel, wadda ta ba alƙalai da masu gabatar da ƙara da 'yan sanda da iyalansu damar neman a cire adireshin gidansu da lambar wayarsu daga shafukan hukuma da na 'yan kasuwa, wanda aka rubuta wa ya ƙi cirewa cikin kwana 10 na aiki ana iya cin sa dala 1,000 kan kowane laifi. A Disambar 2022 majalisar tarayyarsu ma ta yi irinta domin alƙalan tarayya. Sai ga shi kuma a Yunin 2025 an bi wata 'yar majalisar jihar Minnesota, Melissa Hortman, har gida an kashe ta da mijinta, mutumin ya yi shigar ɗan sanda, masu bincike suka samu littafinsa da jerin shafukan da ke sayar da adireshin mutane.

Mu nan abin da za ki riƙe guda biyu ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da gidansa da wasiƙunsa da wayarsa. Sai Dokar Kare Bayanai ta 2023 da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni, ita ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, kuma ta hau kan ofishin gwamnati kamar yadda ta hau kan banki da kamfanin waya. Ta ce kar a karɓi bayanin da ya wuce buƙata, kar a yi amfani da shi a wani abin da ba don shi aka karɓa ba, a tsare shi, in kuma ya zube ta yadda zai cutar da mutane a sanar da hukuma cikin awa 72. Amma kar in yaudare ki Hajiya, wannan dokar ba za ta sa a goge sunan maigidanki daga rajistar filaye ba, kuma ko an ce za a goge ki ce a'a, don ranar da sunansa ya ɓace daga rajista ranar wani zai fito da takardar gidanku. Abin da zai yi shi ne ya rubuta wa shugaban ofishin wasiƙa, gara ma ta bi ta hannun rajistaran kotunsu don ta fi nauyi, ya bayyana irin aikinsa, ya nemi kar a saki hoto da lambar waya da sunan iyali ga duk mai bincike sai da saninsa ko umarnin kotu, a sa hatimin karɓa a kofi ɗaya ya ajiye. Adireshin aika saƙo kuma ya ba da na ofis, ba na gida ba. In alƙalan suka haɗu ƙungiyarsu ta rubuta gaba ɗaya ai ya fi mutum ɗaya ya je yana roƙo.

Tambaya: Barista ni dai wagga magana ta ɓoye bayanan manya ba ta kwanta min ba ko kaɗan. Mutanen da sunka kwashe kuɗin jama'a sunka gina gidaje Abuja da Kaduna da Dubai, mu ko asibitin garinmu ko panadol babu, yanzu kuma a zo a ce don tsaro a rufe sunansu? Mi ya hana su gyara tsaron kowa ya huta? Ni a ganina duk wanda ya karɓi muƙami a baje komai nashi a faifai, in shina tsoro ya aje aikin. Daga wani ɗalibi, Ƙauran Namoda.

Amsa: Ɗana ka yi magana, kuma ba zan ce ka yi ƙarya ba, mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Duk lokacin da ka ji babban mutum ya fara kukan sirri to ka duba da kyau ko sirrin kansa yake nufi ko na dukiya. Kuma gidaje su ne babbar ma'ajiyar kuɗin sata a ƙasar nan. A Afrilun 2017 a wani bene a Ikoyi a Legas EFCC ta samu sama da dala miliyan 43 a jibge, aka yi ta jayayya kan mai gidan. A Disambar 2024 kotu ta ƙwace rukunin gidaje 753 a Lokogoma a Abuja, ɗari bakwai da hamsin da uku fa, unguwa guda, kuma da farko ko sunan mai su hukumar ba ta faɗa ba sai da mutane suka yi ca. Dubai da ka ambata, wani bincike da cibiyar Carnegie ta fitar a 2020 ya ƙirga kadarori 800 a can masu alaƙa da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu, kuɗinsu ya kai wajen dala miliyan 400. Na Dubai ɗin nan ba a gano su da duba ba, bayanan mallaka ne suka tona. In ka rufe rajista ruf, ka yi wa ɓarawo gata.

Amma ga inda muka rabu da kai. Tambaya biyu ce kake haɗawa wuri ɗaya, me wane ya mallaka, da kuma ina wane yake kwana. Ta farko haƙƙinka ce a matsayinka na wanda ake mulka, ta biyu ba ta ƙara maka komai sai dai ta ƙara wa mai bindiga. In kwamishina ya shiga ofis da gida ɗaya ya fita da tara, kana da haƙƙin ka san tara ne, a waɗanne garuruwa, yaushe ya saya, nawa. Amma wane ne cikin taran yaransa ke ciki, ƙofar wane launi ce, ƙarfe nawa ake kai su Islamiyya, wannan me za ka yi da shi? Addininmu ma haka ya raba, Sayyidina Umar yakan rubuta dukiyar gwamna ranar da ya naɗa shi, in ya ga ta kumbura ya tuhume shi har ya karɓe wani kaso ya sa a baitulmali, kuma addinin nan dai shi ya ce kar a shiga gidan mutane sai da izini da sallama, ya ce kar a yi leƙen asirin juna.

Kuma abin haushin, hanyar da za ka san dukiyar tasu tana nan a rubuce an ƙi buɗe ta ne. Kundin tsarin mulki ya wajabta wa ma'aikacin gwamnati ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da duk bayan shekara 4, da lokacin barin aiki, ya kuma ce ɗan ƙasa na iya duba takardun bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya za ta gindaya, to a nan aka maƙale, hukumar ta sha fakewa da wannan ta hana masu nema. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2007 shi da kansa ya baje nasa kowa ya gani, ba wanda ya tilasta shi, sama kuma ba ta faɗo ba. Ga kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 da ta ce ofis ya amsa maka cikin kwana 7, ita ma ta keɓe bayanan da suka shafi sirrin mutum sai in maslahar jama'a ta rinjaya. In ku ɗalibai za ku yi faɗa, a nan za ku yi shi.

Tsoronka kuwa ya tabbata a can New Jersey ɗin. Wani ɗan jarida ya gano wani babban jami'in 'yan sandan garinsu yana zaune ne a wani gari mai nisan tafiyar kusan awa biyu daga inda yake aiki, ya so ya buga, aka nuna masa Dokar Daniel, aka je har kotun ƙolin jihar a 2025 ta ce dokar ta hau kansa ba zai buga ainihin adireshin ba. Sunan garin dai ana iya faɗa, kuma a ganina labarin nasa bai rasa komai ba, don abin da jama'a ke buƙatar sani nisan ne ba lambar gida ba. Amma ka ga yadda doka mai kyau ke saurin zama sanda a hannun mai muƙami. In ranar ta zo majalisarmu ta Gusau za ta yi irinta, ni abin da zan tsaya a kai shi ne a rufe gida ɗaya tak, wanda mutum ke kwana da iyalinsa, ba gidajen haya goma sha biyu da gonaki da filazar kan titi ba, sannan kotu da EFCC da ICPC su ci gaba da ganin komai.

Ita kuwa maganar in yana tsoro ya ajiye aikin, haba ɗana, gwamna da sanata ai suna da masu tsaro a ƙofa, ba su wannan ya dama ba. Wanda ya dama shi ne ƙaramin alƙali mai tsohuwar Golf, da ɗan sanda mai gabatar da ƙara, da sakataren ƙaramar hukuma, in duk suka ajiye wa zai yanke wa infoma hukunci?

Tambaya: Ranka ya daɗe ni dillalin filaye ne a Birnin Kebbi shekara goma sha. In aka fara ɓoye sunayen masu fili to mu ya za mu yi, mai saye ya kawo miliyoyinsa ya ce in tabbatar masa filin na wane ne, in je a ce min sirri ne? Ai 'yan damfara sun samu sallah.

Amsa: Alhaji ba wanda zai hana bincike, in an hana ma cinikin ƙasa ya mutu, banki ba zai karɓi jingina ba, sa hannun gwamna kan sauya mallaka da doka ta wajabta shi ma sai an duba fayil. Abin da ya kamata a canza shi ne ta ina ake shiga. A Ingila ko kai daga nan in ka biya 'yan fam kaɗan za ka ga wa ya mallaki gida kaza, da adireshin gida ake nema, amma ba a sakar wa kowa ya rubuta sunan mutum a jero masa duk gidajensa ba. Ka ga bambancin ai, mai saye ya riga ya san filin, a kansa yake tsaye, suna yake nema ya gwada da na mai sayarwa. Mai mugun nufi kuwa suna yake da shi, gida yake nema. To sai a buɗe ƙofar farko a rufe ta biyu. Kai abin da kake buƙata bai wuce a ce maka eh sunan da ke C of O ɗin nan shi ne a fayil, girmansa kaza, babu jingina babu shari'a a kansa, shi kenan, hoton matarsa da lambar wayarsa ba sa cikin la'adarka. Kuma duk mai bincike ya ajiye shaidarsa a rubuta ranar da ya zo, ma'aikacin da ya buɗe fayil a kwamfuta shi ma ta riƙe sunansa da lokacin, wannan kam kwamfuta ta fi takarda nesa ba kusa ba in an so a yi amfani da ita.

Sai dai Alhaji tunda ka kawo kanka bari in ɗan taɓa ku. Ku dillalai kun fi kowace kwamfuta zubar da bayani. Wallahi ina cikin wani guruf na WhatsApp na masu filaye, mutum sama da ɗari biyu ba wanda ya san rabinsu, kullum sai an turo hoton takarda ɗungurungum da suna da komai, a ƙasa a rubuta "na wani babban ma'aikaci ne yana buƙatar kuɗi da gaggawa", in an sayar kuma a dawo a yi shela an sayar miliyan kaza alhamdulillah. Wato ka sanar da duniya wane na da miliyan kaza a hannu daren nan. Ku rufe suna da yatsa ko da guntun takarda kafin ku ɗauki hoto mana, sakan biyu ne.

Tambaya: Barista ina wuni. Ni malamar asibiti ce a wani gari kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, mijina ɗan kasuwa ne yana sayen hatsi. Naji ana ta maganar kare alƙalai da manyan ma'aikata, to mu fa ba mutane ba ne? Garinmu wanda ake ɗauka ai manomi ne da ɗan tireda da mu ma'aikatan jinya, ban taɓa jin an duba wata rajista kafin a zo ba.

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa, kuma duk cikin wasiƙun yau taki ce ta fi ci min rai don ba ni da abin musu. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ke nuna gida a Tsafe ko Maru ko Anka ba intanet ya shiga ba, maƙwabci ne, ko ɗan acaɓa, ko yaron shago da ya ga an sauke buhu ɗari, shi ya sa ma dokar da jihar nan ta yi a 2022 ta haɗa masu kai wa 'yan bindiga bayani cikin waɗanda hukuncin kisa ya hau. A 2021 har layukan waya aka rufe mana gaba ɗaya na tsawon makonni kowa ya tuna wahalar da aka sha, ana hawa mota zuwa Funtuwa don kawai a buga waya. Don haka duk wanda ya ce miki rufe rajista zai kawo ƙarshen satar mutane ya faɗi son ransa.

Amma fa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba don akwai tsaga ɗaya za a bar ta biyu ta buɗe ba. Infoma ya san garinsu ne kawai, rumbun bayanai kuwa ya san jiha guda, wa ke da gona hekta hamsin, wa ke da gida uku a Gusau, lambar wayar wa za a kira a nemi kuɗin fansa. Kar ki ce abin ya yi nisa, a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna wasu shafuka na sayar da bayanan NIN na mutane kan naira 100, har na ministan sadarwa suka ce sun saya don su nuna abin ya kai inda ya kai, hukumar katin ɗan ƙasa dai ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Naira ɗari, ko kuɗin ruwan leda biyu.

Shi ya sa ni ra'ayina ya saɓa da na Amurkawan a nan. Su sun bar ƙofa a buɗe ga kowa sannan suka dawo suna cire sunan alƙalai ɗaya bayan ɗaya, mu da muke fara gini yanzu me zai sa mu maimaita? A rufe hoto da waya da sunan iyali na kowa da kowa tun farko, alƙali da mai sayen hatsi da ke, kuma dokar 2023 ɗin ai ba ta ce sai mai muƙami ba, wasiƙar da na ce maigidan Hajiya ya rubuta ke ma kina da ikon rubuta irinta, in aka yi wasa da bayananki ki kai ƙara NDPC ko kotu.

Tambaya: Barista don Allah a taimaka, yayana ma'aikacin kuɗi ne a ƙaramar hukuma, da C of O ɗinsa ta fito don murna na ɗauki hotonta na sa a Facebook da status na rubuta Allah ya sanya alheri, yanzu ya ganta yana ta faɗa ya ce na kashe shi. Na goge amma wani abokina ya ce ya riga ya yi sikirinshot ya tura wa mutane. Ya zan yi?

Amsa: Kai ƙanena, Allah ya shirye ka, yayanka ya yi gaskiya ya yi faɗa. Abin da ya fita ya fita, gogewa ba ta dawo da shi, amma a rage ɓarna. Ka fara da abokin nan naka yau ba gobe ba, ya faɗa maka su wa ya tura wa, ka bi su ɗaya ɗaya su goge, a WhatsApp in bai daɗe ba ya danna gogewa ga kowa, in wani ya sake ɗora ta a Facebook ku kai rahoto a matsayin bayanan sirri da aka sa ba izini, suna da wurin yin hakan. Shi kuma yaya abu biyu ke gabansa, tsaro da damfara, don hoton C of O mai kyau da lambar fayil da sa hannu shi ne abin da masu buga takardun bogi ke nema, gobe sai ka ji an sayar da gidan yana ciki yana barci. Ya rubuta wa ofishin filaye cewa kofin takardarsa ya fita, kar a taɓa komai a fayil ɗin sai ya zo da ƙafarsa, ya sanar da mai unguwa shi ma don masu saye ta wurinsa suke fara bi. In lambar wayarsa ta fito a hoton, duk baƙuwar lambar da ta kira tana ce daga ofishin filaye ne a turo kaza ko a faɗi lambar da ta shigo waya, ya kashe kawai. In kuma kiran ya koma barazana kar ya tsaya ciniki shi kaɗai, ya adana lambar da saƙon ya kai wa 'yan sanda ko DSS a ranar.

Kai kuma ka sayi goro ko kilishi ka je ka durƙusa, kar ka tura saƙo, ka je da ƙafarka, in da hali ka ɗauki Inna ta raka ka.